Minti huɗu tsakanin kalmar sirri da fara aiki: nazarin jinkirin shiga kwamfutar ofis

Ofishin yana da kwamfutocin tebur 46, dukkansu Windows 11 ne a kansu, kuma suna ƙarƙashin domen guda na Active Directory, wato tsarin da sabar ofis ke riƙe asusun ma'aikata da saitin kwamfutocinsu. Ma'aikata 9 na sashen lissafi ne suka kawo kuka. Da safe mutum zai rubuta kalmar sirri ya danna Enter, sai ɗigogin nan su yi ta zagaye a allo har ya gaji da kallo ya tashi ya yi wata hidimar. Sauran sassan kuwa ba su ma san ana yi ba, cikin rabin minti da 'yan kai sun shiga sun kama aiki.

Kafin a zauna a binciki lamarin a tsanake, an riga an yi ta lalube. An ƙara wa kwamfutoci biyu RAM daga gigabait 8 zuwa 16. An goge ɗaya an sake ɗora mata Windows daga farko. An cire manhajar kashe ƙwayoyin cuta daga wata, aka mayar. Ko sakan ɗaya bai ragu ba. An bar jaki ana dukan taiki, domin babu wanda ya tsaya ya tambaya: a cikin mintunan nan, aiki kwamfutar take yi ko jira?

Awo kafin a taɓa komai

"Tana jinkiri" ba bayani ba ne da za a yi gyara da shi. Sai aka ɗauki agogo aka auna daga danna Enter zuwa lokacin da za a iya buɗe folda ta amsa nan take, sau uku a kwamfuta ɗaya. Matsakaicin ya tsaya a minti 4 da sakan 20, wato sakan 260.

Akwai sharuɗɗa biyu da aka kiyaye wajen awon. Na farko, Restart ake yi ba Shut down ba. Idan tsarin Fast Startup yana kunne, Shut down ba ya kashe komai da komai, yana ajiye zuciyar Windows a faifai ne ya ɗauko ta gobe, saboda haka awo biyu ba za su zama iri ɗaya ba. Na biyu, idan allon kalmar sirri ya fito, ana barin sa minti biyu kafin a rubuta komai. Da haka ake raba jinkirin tashin kwamfuta da jinkirin shigar mutum. Cututtuka biyu ne daban, amma mai zaune a gaban allo yakan haɗa su ya kira su da suna ɗaya.

Daga nan aka yi gwaji huɗu, waɗanda ba sa buƙatar wata manhaja.

Aka kawo ma'aikacin wani sashe ya shiga kwamfutar sashen lissafi. Shigarsa ta farko ba a ƙirga ta ba, tunda a lokacin ne Windows ke ƙirƙira masa furofayil, wato foldar da ke ɗauke da fayilolinsa da saitinsa. A ta biyu ya shiga cikin sakan 41. Aka shiga da asusun cikin gida, wanda ba na domen ba: sakan 16. Waɗannan biyun sun wanke injin tas. Faifai lafiya, RAM ya isa.

Aka kai ma'aikaciyar lissafi kwamfutar wani sashe. Jinkirin ya bi ta can: shigar farko ta haura minti 4, ta biyu ta sauko zuwa minti 3 da sakan 17. Wato matsalar tana bin asusun mutum ne, ba kwamfuta ba. Wannan ragin na kusan minti ɗaya a shiga ta biyu kuma aka rubuta shi aka ajiye, don a kwamfutarta ta asali ba ya faruwa.

Gwaji na huɗu shi ne zare wayar netwok daga bayan kwamfuta kafin a shiga. Windows yana riƙe shaidar shigar baya a cikinsa, har guda 10 idan ba a sauya saitin ba, don haka ana iya shiga ko babu sabar. Ta shiga cikin sakan 25. Sai dai fuskar kwamfutar ta fito wayam, babu fayilolinta, ga saƙo a ƙasa cewa an ba ta furofayil na wucin gadi. Abu biyu gwajin ya faɗa a lokaci guda: jinkirin daga hanyar sadarwa yake zuwa, kuma babu kwafin furofayil ɗinta da ke kwana a kwamfutar.

Sa Windows ya faɗi abin da yake jira

Kalmar Welcome da ɗigogi masu zagaye mayafi ne kawai. A ƙarƙashinsu ana tantance kalmar sirri wurin sabar mai kula da domen ta hanyar Kerberos, a ɗora furofayil, a zartar da ƙa'idojin Group Policy na mutumin (saitin da mai gudanarwa ke turowa daga sabar), sannan a tayar da Explorer da manhajojin da ke farawa da kansu. Ana iya yaye mayafin da ƙa'idar `Display highly detailed status messages`, wadda ke ƙarƙashin Computer Configuration, Administrative Templates, System. A kwamfuta ɗaya tak kuwa ya isa a ƙirƙiri ƙimar DWORD mai suna `VerboseStatus`, a ba ta 1, a wannan wurin na rajista, ma'ajiyar saitin Windows:

`HKLM\SOFTWARE\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Policies\System`

Da aka sake shiga, allon ya fara magana. Ya ɗan tsaya a Welcome, sannan ya rubuta `Please wait for the User Profile Service` ya zauna a nan fiye da minti ɗaya. 'Yan saƙonni suka wuce da gudu, sai ya kafe a kan `Applying Group Policy Printers policy` har minti biyu da ɗoriya.

Wanda ya leƙa bayan kwamfutar a lokacin zai ga bambancin da idonsa. Yayin saƙon furofayil, 'yar fitilar da ke bakin ramin wayar netwok tana ƙiftawa ba ƙaƙƙautawa, fitilar faifai ma haka. Da aka zo kan firinta sai komai ya yi tsit. Fitila ta ƙifta sau ɗaya, ta yi shiru na wasu sakanni, ta sake ƙiftawa. Fanka ko ɗaga murya ba ta yi ba. Na farkon jigilar kaya ce, na biyun jiran gawon shanu.

Agogon hannu ya nuna wurin, amma ainihin lissafin yana cikin Event Viewer, ma'ajiyar tarihin abin da ya faru a Windows, ƙarƙashin Applications and Services Logs, Microsoft, Windows. A kundin User Profile Service, Operational, lamba 1 tana nuna lokacin da aka fara ɗaukar nauyin shigar, lamba 2 lokacin da aka gama, 6 da 7 kuma farko da ƙarshen daidaita furofayil da sabar. A kundin GroupPolicy, Operational, 4001 ce farkon zartar da ƙa'idojin mai shiga, 8001 ƙarshensa tare da jimillar sakanni. A tsakaninsu kowane ɓangare yana da 4016 idan ya fara da 5016 idan ya gama, kuma 5016 tana faɗin milisakan nawa ya ci. A kundin Application ma Winlogon da kansa yakan yi ƙorafi da lambobi 6005 da 6006, ya ambaci sunan wanda ya tsayar da shi.

Ga yadda sakan 260 ɗin suka rabu: 9 wajen tantance kalmar sirri, 68 wajen furofayil, 151 wajen Group Policy, 32 daga fitowar fuskar kwamfuta zuwa lokacin da ta nutsu. A cikin 151 ɗin nan, ɓangaren firinta shi kaɗai ya lashe milisakan 128,000.

Firintoci shida da sabar da ta mutu

Umarnin `gpresult /h rahoto.html` ya nuna ƙa'idar da ke raba firintoci. Da aka buɗe ta, ƙarƙashin User Configuration, Preferences, Control Panel Settings, Printers, sai ga layuka 12. Shida suna nuni ga sabuwar sabar firinta, FIRINTA02. Shida kuma suna nuni ga tsohuwar, FIRINTA01, wadda aka kashe aka fitar daga ɗakin sabar makonni uku kafin kukan ya fara ƙarfi. Wanda ya yi ƙaurar ya ƙara sababbin layuka, bai goge tsofaffin ba. Kundin Application yana cike da gargaɗi mai lamba 4098 daga Group Policy Printers, da lambar kuskure 0x800706ba, wadda ma'anarta ita ce ba a sami sabar RPC ba, wato an kasa magana da sabar. Gargaɗin yana nan tun ranar farko, babu dai wanda ya duba.

A raba 128 gida shida, za a sami 21 da 'yan kai. Duk wanda ya daɗe yana aiki da Windows ya san wannan adadin. Idan kwamfuta tana son buɗe hulɗar TCP da wata, takan aika sallama ta jira amsa. A daɗaɗɗen saitin Windows tana jira sakan 3, ta sake aikawa ta jira 6, ta sake ta jira 12, jimilla 21, sannan ta haƙura. Ba doka ba ce cewa kowane jinkirin firinta sai ya zama ninkin 21, amma idan ka ga adadi ɗaya yana maimaita kansa kullum ba ƙari ba ragi, ka san ba nauyin aiki ba ne. Aiki yakan hau ya sauka gwargwadon rana. Wa'adin jira ne kawai ke fitowa daidai wa daida kowace safiya.

A nan akwai abin da ya kamata a fahimta sosai, domin shi ne ya sa mutuwar sabar ta yi ciwo haka. Neman abin da babu shi yakan ƙare ta hanya uku. Idan sunan ba ya cikin DNS, kundin da ke mayar da sunan inji zuwa adireshi, amsar "babu" tana dawowa nan take, a wuce. Idan injin yana raye amma ƙofar da ake ƙwanƙwasawa a rufe take, yakan mayar da amsar ƙi, ita ma ba ta ɗaukar lokaci. Mafi muni ita ce ta uku: suna yana nan, adireshi yana nan, amma babu mai amsawa kuma babu mai cewa babu kowa. Wannan ce ta faru. Umarnin `Resolve-DnsName FIRINTA01` ya dawo da adireshin IP kamar ba abin da ya faru, saboda da hannu aka rubuta sunan a DNS tun asali, kuma tsarin share tsofaffin sunaye ba ya taɓa waɗanda aka rubuta da hannu. Sabar tana wani yanki na netwok daban, a bayan katangar tsaro mai haɗiye saƙo ba tare da ta ce uffan ba. `Test-NetConnection FIRINTA01 -Port 445` ya yi ta jira kafin ya ce ya kasa, haka ma a ƙofa ta 135, wadda Windows 11 ke bi wajen magana da sabar firinta tun daga sigar 22H2.

Sai kuma nau'in aikin da aka ba layukan. Kowane layi yana iya zama Create, Replace, Update ko Delete. Tsofaffin shidan Replace ne, ma'ana a cire firintar a sake haɗa ta duk lokacin da aka zartar da ƙa'idar. Mai yiwuwa ba da gangan aka zaɓa ba: da zarar an sa alama a akwatin `Remove this item when it is no longer applied` a shafin Common, aikin yana komawa Replace da kansa. Mutane da yawa sun faɗa wannan ramin ba su lura ba.

To me ya sa sashen lissafi kaɗai?

Wannan ce tambayar da ta fi ɗaure kai, tunda ƙa'idar firintocin a kan kowa take. Da aka duba kundin wata kwamfuta ta sashen da ba ya kuka, sai ga 5016 ɗinta ita ma tana nuna kusan milisakan 127,000. Kowa yana ɗauke da cutar, wasu ne kawai ba sa jin zafinta.

Tun zamanin Windows XP, kwamfutocin ma'aikata suna da dabarar saurin shiga: a buɗe wa mutum fuskar kwamfutarsa, a bar Group Policy ya ƙarasa aikinsa a bayan fage. Amma dabarar tana kashe kanta idan asusun mutum yana da furofayil mai yawo (wanda ke zaune a sabar, yana bin mutum duk kwamfutar da ya je), ko foldar gida ta sabar, ko rubutun shiga da aka liƙa a jikin asusun. A irin wannan hali sai an gama zartar da komai kafin a buɗe ƙofa. Ma'aikatan lissafi su kaɗai ne aka yi wa furofayil mai yawo, shekarun baya lokacin da suke musayar tebura. Ƙa'idar `Always wait for the network at computer startup and logon` ma tana jawo irin wannan tsayuwar ga kowa da kowa idan an kunna ta. An duba, ba a kunna ta a nan ba.

Gyaran bai da wuya, amma an bi shi a hankali. Aka fara ajiye kwafin ƙa'idar da `Backup-GPO`. Aka goge tsofaffin layuka shida. Ba a mayar da su Delete ba, don gudun kada umarnin cirewar shi ma ya tsaya neman mamaciyar. Sababbin shida aka bar su a Update. Aka goge sunan FIRINTA01 daga DNS, domin duk abin da ya rage yana nemanta ya ji "babu" da wuri. Sannan `gpupdate /force`, fita, shiga. Shigar farko bayan gyara ba a ƙirga ta ba. Daga ta biyu, 8001 ta sauko daga 151 zuwa 24, jimillar ta koma minti 2 da sakan 13.

Tsugune ba ta ƙare ba. A asusun mutum 4 cikin 9 tsofaffin firintocin sun maƙale a rajista, ƙarƙashin `HKCU\Printers\Connections`, inda kowace take da suna irin `,,FIRINTA01,Lissafi`. Ba sa tsayar da shiga, amma suna sa manhajar rubutu ta daskare idan an buɗe akwatin bugawa, musamman idan ɗaya daga cikinsu ce zaɓaɓɓiyar firinta. Tunda furofayil ɗin mai yawo ne, duk kwamfutar da mutum ya je suna biye da shi. An share su da layin Delete na rajista a Preferences. Wani abin lura ga mai irin wannan ƙaura: tun sabuntawar Agustan 2021, bayan matsalar tsaron da aka yi wa laƙabi da PrintNightmare, ɗora direban firinta daga sabar yana buƙatar ikon mai gudanarwa. Idan ba a riga an sa direban a kwamfutoci ba, sababbin layukan ma za su iya gazawa, a koma neman laifi inda babu shi.

Furofayil mai gigabait 2.6

Furofayil mai yawo yana zaune a sabar, a folda mai ƙarewa da `.V6` ga Windows 11 da sigogin Windows 10 daga 1607 zuwa sama. Idan mutum ya shiga a sauko masa da shi, idan ya fita a mayar. A ƙa'ida abin da ya sauya kaɗai ake kwafa. Amma an ɗora wa kwamfutocin sashen ƙa'idar `Delete cached copies of roaming profiles`, wadda ke goge kwafin gida duk lokacin da aka fita. Kowace safiya ke nan sai an kwaso komai daga tushe. Wannan ne ya bayyana furofayil na wucin gadi da aka gani lokacin zare waya, da kuma ragin minti ɗaya a kwamfutar wani sashe, inda ƙa'idar ba ta kai ba.

Aka auna da PowerShell:

`Get-ChildItem $env:USERPROFILE -Recurse -File -Force | Measure-Object Length -Sum`

A cire abin da ke AppData\Local da AppData\LocalLow, tunda su ba sa yawo. Abin da ya rage gigabait 2.6 ne, fayiloli kusan 58,000. Wajen 41,000 daga ciki ƙananan fayilolin wucin gadi ne na wata manhajar aika saƙonni da ta mai da AppData\Roaming juji. A kan fuskar kwamfutar kuma akwai takardun da aka ɗauka da sikana, sama da gigabait 1.

Lissafin yana da ban sha'awa. Layin gigabit yana ɗaukar kusan megabait 110 a sakan, don haka gigabait 2.6 bai kamata ya wuce sakan 24 ba. Ragowar sakan 40 da ɗoriya yawan fayiloli ne ya ci su. Kowane fayil, komai ƙanƙantarsa, sai an buɗe shi, an karanta bayanansa, an kwafa, an rufe, manhajar tsaro ta shinshina shi. Fayil ɗaya mai gigabait 1 ya fi fayiloli 40,000 masu kilobait 5 saurin wucewa, alhali ya ninka su girma sau biyar. Shi ya sa mai duba girman folda kaɗai yakan ce ai ba komai a ciki.

Gyara uku aka yi. Aka sa foldar manhajar a ƙa'idar `Exclude directories in roaming profile`, ƙarƙashin User Configuration, Administrative Templates, System, User Profiles. Ana rubuta hanyar daga tushen furofayil, kamar `AppData\Roaming\SunanManhaja\Cache`, a raba foldoji da alamar `;`. Aka janye ƙa'idar goge kwafi, domin yanzu kowa da teburinsa. Tana da amfani a ɗakin da ɗaruruwan mutane ke musayar kwamfutoci har faifai ya cika, amma a nan wahala ce kawai. Na uku, aka karkatar da Desktop da Documents zuwa sabar da Folder Redirection, ta yadda ba sa cikin kayan da ake jigila. Wannan an yi shi ne da yamma bayan tashi, saboda shigar farko ita ce ke kwashe fayilolin, kuma takan daɗe.

Bayan haka sai a leƙa kwafin da ke sabar, in jujin yana nan a share shi yayin da mai asusun yake waje, bayan an ajiye kwafi. A kula da mallaka a nan. Sau da yawa mai gudanarwa ba shi da izinin shiga foldar, sai ya ƙwace mallakarta da sunansa. Windows yana duba cewa mai foldar shi ne mai asusun ko rukunin Administrators. In ya ga wani suna dabam zai ƙi ɗora furofayil ɗin, gobe da safe a tashi da sabon kuka. In dole sai an karɓi mallaka, a ba rukunin, kuma a tabbata mai asusun bai rasa cikakken izininsa ba.

Sakan 68 suka koma 10. Jimilla: sakan 75.

Mutum ɗaya cikin tara ya kasance yana jira kusan minti 8, ba 4 ba, kuma an ɗauka zuzutawa yake yi. Ba zuzutawa ba ce. `Get-NetAdapter` ya nuna layinsa a 100 Mbps yake maimakon 1 Gbps. Gigabit yana buƙatar dukkan tagwayen wayoyi huɗu da ke cikin kebul, 100 kuwa biyu sun ishe shi, saboda haka idan silin waya ɗaya ya tsinke a cikin tagwayen da 100 ba ya amfani da su, layin ba ya mutuwa, yana sauka ne shiru. Ƙafar kujera ce ta daɗe tana taka kebul ɗin. A megabait 11 a sakan, furofayil irin wancan yana cin minti 4 shi kaɗai. Aka sauya kebul, magana ta ƙare.

Sakan tara a Welcome

Tantance kalmar sirri a netwok na cikin gida bai kamata ya kai sakan 9 ba. `ipconfig /all` ya tona asirin: adireshin farko a jerin sabar DNS na tsohuwar FIRINTA01 ne, wadda ashe tana riƙe da aikin DNS ma a gefe. An gyara jerin a sauran yankunan DHCP, tsarin da ke raba wa kwamfutoci adireshi, an manta da na sashen lissafi. Kwamfutar domen ba ta iya gano sabar mai kula da ita sai ta tambayi DNS bayanan SRV, irin `_ldap._tcp.dc._msdcs.ofis.lan`. Idan ta tambayi na farko ya yi shiru, sai ta jira kafin ta juya ga na biyu. Jiran gajere ne, amma yana taruwa. Lamba 5326 a kundin GroupPolicy tana nuna milisakan nawa aka ɓata wajen gano sabar, `nltest /dsgetdc:ofis.lan` kuma yana faɗin wadda aka samu.

Aka gyara zaɓi na 006 a DHCP, wanda ke ɗauke da jerin sabar DNS. Hayar adireshi a sabar DHCP ta Windows kwana 8 ce idan ba a sauya ba, kuma kwamfuta tana neman sabuntawa a rabin wa'adi, don haka aka yi `ipconfig /renew` maimakon a zauna jira. An kuma ƙi shawarar cike gurbin da DNS na waje irin 8.8.8.8. Yana da sauri wajen shafukan intanet, amma bai san komai game da domen na cikin gida ba. Zai amsa da "babu", kwamfuta kuma ta yarda da shi, ta kasa gano sabarta gaba ɗaya.

Tantancewa ta sauko zuwa sakan 3, Group Policy daga 24 zuwa 12. Jimilla 57.

Sakan 32 na ƙarshe ba su buƙaci dogon bincike ba. A shafin manhajojin farawa na Task Manager, duk wadda aka yi wa alamar High tana cin fiye da sakan 1 na furosesa ko fiye da megabait 3 na karatu da rubutun faifai yayin tashi. Autoruns na Sysinternals yana nuna har waɗanda suka ɓuya a rajista da jadawalin ayyuka. Aka kashe guda biyar da babu mai buƙatarsu da safe, aka bar manhajar tsaro da ta ajiyar kwafi. Ya koma 18. Awon ƙarshe, sau uku a kwamfutoci uku, ya tsaya tsakanin sakan 41 da 45. Aka mayar da `VerboseStatus` zuwa 0 a inda aka kunna shi da hannu, duk da cewa barin sa ba ya cutar da komai, wasu ofisoshin ma sun fi son ya zauna don ma'aikaci ya iya faɗin saƙon da ya gani.

Ina kuma sunan ya rage?

Tunda sabar ɗaya ta bar sawu a firintoci, a DNS da DHCP, da wuya a ce nan kaɗai ta tsaya. Ƙa'idojin Preferences fayilolin XML ne a cikin SYSVOL, foldar domen da ake ajiye ƙa'idoji, ana iya bincika su kai tsaye:

`findstr /s /i /m "FIRINTA01" \\ofis.lan\SYSVOL\ofis.lan\*.*`

A maimaita da adireshin IP ɗinta, don wasu da lamba suke rubutawa ba da suna ba. Binciken yana da makanta guda: fayilolin `Registry.pol` da tsarin UTF-16 aka rubuta su, `findstr` ba ya ganin kalma a cikinsu yadda ya kamata. Don su sai a fitar da `Get-GPOReport -All -ReportType Xml` zuwa fayil, a bincika shi da `Select-String`. A kuma duba jikin asusun mutane da `Get-ADUser`, filayen `homeDirectory`, `profilePath` da `scriptPath`.

Binciken ya fito da abu biyu. Ɗaya fayil ɗin `Drives.xml` ne a wata folda mai dogon suna na GUID. Da aka ba `Get-GPO -Guid` lambar, sai ya zama ƙa'idar masu karɓar baƙi ce, tana haɗa harafin S da foldar sikana a kan FIRINTA01. Ɗayan tsohon rubutun shiga ne mai layin `net use` zuwa wurin guda. Shi bai taɓa bayyana a awon shiga ba, saboda tun Windows 8.1 rubutun shiga na Group Policy yana jira minti 5 bayan an shiga kafin ya tashi, sai in an sauya `Configure Logon Script Delay`. Masu karɓar baƙi sun daɗe suna cewa Explorer yana daskare musu jim kaɗan bayan sun fara aiki, duk lokacin da suka buɗe This PC inda mataccen harafin S yake zaune da jar alama. Aka mayar da harafin kan foldar sikana ta FIRINTA02, aka goge layin daga rubutun.